Alƙalin Nafkin

Litinin, da hantsi

Jiya aka fito da Mutuniyar daga ɗakin tiyata, kuma tana numfashi. Na rubuta ne don in ga maganar a kan takarda.

Jikata ce, 'yar 'yata Auta, ko wata uku ba ta cika ba. Babbar Likita ta ce hanyar da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji a toshe ta zo da ita duniya, shi ya sa idonta ya yi rawaya, kashinta kuma yake fitowa fari kamar alli. Ta yanko hanji ta haɗa shi da hantar kai tsaye. Har zane ta yi mini a bayan wata takarda, sai ka ce ban taɓa buɗe littafi ba. Na sanar da ita cewa na koyar da kimiyya tun ba a yaye ta ba, daga baya na yi aikin duba makarantu har ranar da aka ga dama aka ce in tafi gida. Ta ce madalla, ta huta, ta samu wanda zai yi wa sauran 'yan gida bayani.

Ko aikin ya yi ko bai yi ba, ba wanda ya sani tukuna. In ya yi, kashin zai yi launi, idon ya washe. In bai yi ba, akwai maganar dashen hanta da ta fara, na ce ta ajiye ta.

Talata, da yamma

Ba labari. Ruwa ake ƙara mata.

Laraba, da safe

Kullum da safe Babbar Likita takan shigo da 'yan tsakinta a baya, wato matasan likitocin da ke koyon ciwon ciki da hanta na yara, kowa da littafi a hannu da barci a ido. Takan tsaya a bakin gado ta jefa tambaya, su kuma su shiga kallon takalmansu. Na san wannan kallon takalmin, na yi shekaru ina shan sa a aji. Wani mai tabarau ya amsa daidai yau, amma can ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara. Da za su wuce na riƙe shi na ce in ya san abu ya faɗa da ƙarfi, waɗanda ba su sani ba ai ba sa rage murya. Ya ce ya gode. Ba godiyarsa nake nema ba.

Asibitin nan dai kamar ko'ina yake. Bangon da ake ce wa fari ya dafe, zannuwan gado sun dafe, rigunan likitocin ma kamar an tsoma su a shayi. Na gaya wa Gwamnati, wato matata, ta ce ita fes take ganinsu, kuma ni ko aljanna aka kai ni sai na shafa saman ƙofa in ga ko akwai ƙura.

Alhamis, bayan azahar

Mutuniyar ta yi kashi, kuma kore ne.

Sista mai jinyar ɗakin ce ta buɗe nafkin ɗin. Ta tsaya, ta ɗaga shi sama kamar wadda ta ci kofi, ta ce a zo a gani. Matan gadajen da ke kusa suka taso da 'ya'yansu a kafaɗa, kowa na leƙe, wata har da tafi. Kore mai duhu, kamar ganyen da ya sha wuta. Ni da na yi digiri, ni da shugabannin makarantu ke gyara hula in sun hango motata, yau ga ni na sa fuska cikin nafkin ina murmushi har kunne. Ban ji wari ba. Gwamnati ta ce akwai shi, kuma mai kyau.

Babbar Likita ta ce a yi murna amma kada a cika, na farko yakan yaudari mutum, sai ya ɗore. Na ce mata na san halin sakamakon farko.

Auta ba ta duba ba. Bango ta juya ta fuskanta har aka naɗe shi. Tun ranar da ta ga farin nan a gida ba ta sake iya kallo ba.

Juma'a, da hantsi

Wata mai bincike ta zo da kati. Launuka ne gida-gida a layi biyu: layin sama daga fari zuwa rawaya mai haske, layin ƙasa daga rawaya sosai zuwa kore. Na sama a garzayo asibiti, na ƙasa a gode wa Allah. Suna son su gano ko mutanen gida za su iya karanta katin da kansu, don wata rana a riƙa ba kowace mai jego nata, a daina kawo yara bayan hanta ta gama lalacewa. Ta tambaya wa zai ɗauki aikin a gidanmu. Auta ta kau da kai. Gwamnati ta ce gwiwarta na ciwo, kamar da gwiwa ake kallo. Na miƙa hannu.

Doka ɗaya ce: a bakin taga, da hasken rana, ban da ƙwan lantarki.

Na ce da ana raba irin katin nan a da. Ban ƙarasa ba. Gwamnati ta tashi neman ruwan zafi, alhali filas ɗin a cike yake.

Asabar, da yamma

Sista ta ce alƙalin da bai iya buɗe nafkin ba ba alƙali ba ne, don haka ta sa ni a aji. Na haifi 'ya'ya na aurar, ban taɓa ɗaura wa ko ɗaya ba. Na farko na sa shi baibai. Na biyu ya yi sako-sako, ta ɗaga yarinyar ya zame ƙasa. Ta ce sifili, maimaita aji. Ana cikin na uku Mutuniyar ta jiƙa mini hannun riga har gwiwar hannu, tana kallona ko ƙiftawa babu. Ɗakin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Na ce wa Sista a zamanina ana jin kunyar tsofaffi. Ta ce a zamanina ai tsofaffin ba sa zuwa aji.

Na ci a na huɗu.

Litinin, da safe

Layin ƙasa.

Talata, da hantsi

Layin ƙasa. An cire robar da aka sa mata a hanci. Mai kula da abincin yara ta kawo wata madara ta musamman, ta ce irin maiƙon da ke cikinta jiki na iya sha ko da ruwan matsarmama bai wadata ba. Ana haɗa mata da nonon uwa. Akwai kuma ɗigon bitamin, wanda in aka sa mata takan yamutsa fuska ta dube ni kamar ni na ƙirƙiro shi. Gwamnati ta ce ga fuskata nan sak, ranar da duk na karanta jarida.

An ɗora ta a sikeli, ta ƙaru. Kaɗan ne, amma mai abincin ta ja layi ya hau sama. Na daɗe ban ga layin da ya hau sama a wani abu da ya shafe ni ba.

Laraba, da yamma

Zazzaɓi.

Alhamis, da yamma

Har yanzu. Sun ce ƙwayoyin cuta kan bi sabuwar hanyar su hau zuwa hanta, an san da haka, an sa mata magani ta jijiya. An san da haka. Kullum an san da haka.

Na gida ma da zazzaɓi ya ƙare. Ɗanmu na fari nake nufi. Shi ba a yi masa zane a bayan takarda ba, cewa aka yi shawara ce, za ta wuce. Ba zan ƙara rubuta komai a kai ba.

Asabar, da safe

Zazzaɓin Mutuniyar ya sauka. Ta sha madara ta ƙoshi, ta yi gyatsa irin ta direban babbar mota, wato irin ta ubanta. Mai tabarau ya zo duba ta ko da ba ranar aikinsa ba ce. Na ba shi rabin burodina. Nafkin: layin ƙasa.

Alhamis, bayan la'asar

Mun dawo gida. Kwanakin nan ban rubuta ba don ba abin ƙorafi, ni kuma ban saba rubuta wani abu daban ba.

Ranar sallama Babbar Likita ta jera mana sharuɗɗa: magani kada a tsallake, zazzaɓi ko layin sama a dawo a take, in ba haka ba sai ranar da aka ba mu. Matan ɗakin suka rako mu har bakin ƙofa. Wata da ɗanta ya fi Mutuniyar daɗewa a can ta ce in riƙa tunawa da su in na buɗe nafkin. Na ce ba a taɓa yi mini roƙo mai daɗin wannan ba.

Lahadi, da hantsi

Ga yadda shari'a ke gudana a gidan nan. Da rana ni ke canza mata. Na dare kuwa Auta kan canza a duhu-duhu, ta naɗe ba tare da ta kalla ba, ta jefa a bokiti mai murfi. Da gari ya waye sai in ɗauki bokitin in kai bakin tagar falo, in sa tabarau, in buɗe ɗaya bayan ɗaya da kati a hannun hagu. Auta na tsaye bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta. Sai in yi gyaran murya in ce layin ƙasa. Yatsun su ɓace, can in jiyo ta a kicin tana waƙa.

Gwamnati ta daina ce mini Malam, yanzu Alƙali nake. Wanzamin bakin layi ma ya ji, in na wuce sai ya ce ya zaman kotu. Mijin Auta kuwa in ya bugo daga hanya, kafin ya gaishe ni sai ya ce, Baba, wane launi? Na ce masa surukin kirki da gaisuwa yake farawa. Ya ba da haƙuri, ya gaishe ni tsaf, sannan ya ce to wane launi.

Ban taɓa riƙe aikin da ake jiran bakina haka ba.

Talata, da yamma

Layin ƙasa. Amma idon.

Laraba, da safe

Kowa na cewa idonta ya washe. Gwamnati ta faɗa, maƙwabciya ta faɗa, Auta na faɗa tana sumbatar goshinta. Ni na kai ta bakin taga na ja fatar idon a hankali, rawayar na nan. Ba ta ƙaru ba, ba ta tafi ba. Mutane abin da suke so shi suke gani, na ga haka a kowace makarantar da na taɓa dubawa.

Ban gaya wa Auta ba. Na gaya wa Gwamnati muna shan shayi. Ta ajiye kofi ta ce, “Malam, kada ka ɗauko mana wancan ka ɗora wa wannan.” Ba ta ce Alƙali ba.

Juma'a, da yamma

Layin ƙasa. Ta yi mini dariya mai sauti yau, ta farko, don na yi atishawa. Na sake yin ta ƙarya, ba ta karɓa ba. Yarinyar ba ta cin hanci.

Idon yana nan yadda yake. Litinin za mu koma.

Litinin, bayan azahar

Zan rubuta wannan a tsare, yadda ya faru.

Babbar Likita ta duba ta a gaban 'yan tsakinta, ta taɓa cikin, ta auna, ta ja fatar idon ta ce fari tas, ta yi wa Auta barka. Ni kuwa abin ya zo mini wuya. Na miƙe na ce kada a lallashe ni, an taɓa lallashina sau ɗaya kuma na san inda ya ƙare, idon yarinyar nan rawaya ne, ina gani da idona. Auta ta rungume 'yarta ta ƙanƙame. 'Yan tsaki suka koma kan takalmansu.

Likitar ba ta yi fushi ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta zaro auduga daga cikin kwalba ta ɗaga.

“Baba, wannan wane launi ce?”

“Ta tsufa. Ta yi rawaya, kamar komai na asibitin nan.”

“Rigata fa?”

“Ki ba mai wanki haƙuri, amma ita ma.”

Ta ce in zauna. Ta kunna 'yar tocila ta haska mini ido, ta kira yaranta ɗaya bayan ɗaya su leƙa, ni da na zo rakiya. Ta tambaye su me suka gani. Mai tabarau ya buɗe murya har ana ji a baranda, ya ce yanar ido ce, a duka biyun, irin ta tsufa wadda ke rina wa mutum duniya ta koma rawaya. Likitar ta ce daidai, amma mai idon ba kurma ba ne.

Auta ce ta fara dariya. Ta yi ta yi har ta zauna a kan kujerar likita tana share hawaye, tana cewa ashe shekara da shekaru Baba na zagin wankin Mama a banza. Ni ma na yi, ban san lokacin da ta kufce mini ba. Idon Mutuniyar fari ne. Bangon ma fari ne, wai.

Muna cikin haka mai binciken nan, wadda ke zaune a gefe, ta tambaya a hankali wa ke karanta katin a gida.

Kowa ya juyo ya dube ni. Idon da ke ƙara wa auduga rawaya zai ƙara wa nafkin. Abin da na yi ta kira layin ƙasa, yana iya zama layin sama ne. Na ce ai ga idon yarinyar ya washe. Likitar ta ce haka ne, kuma alama ce mai kyau, sai dai ido labarin makon jiya yake bayarwa, nafkin ke ba da na yau. Nafkin da ke jikinta kuwa fitsari ne kawai. Aka ɗebi jini, sakamako sai jibi. Kafin nan, in ta yi kashi, wani idon ya duba, ba nawa ba.

Mai binciken ta biyo ni baranda ta ce kada in damu, na yi musu babban amfani, daga yau duk wanda za a ba kati sai an fara gwada idonsa. Ga gudummawata ga kimiyya ke nan, bayan duk karatun.

Talata, da hantsi

Ba ta yi ba.

Talata, bayan la'asar

Har yanzu ba ta yi ba. Yarinyar da ke cika bokiti kullum, yau ta ga ana jira ta kafe. Ta sha, ta yi barci, ta farka, ta yi wasa da hannunta. Mun shafa cikin yadda Sista ta koya mana, mun juya mata ƙafafu kamar mai tuƙa keke, ita dai dariya. Gwamnati ta ce taurin kan gado ne, kuma ba daga wajenta ba. Mijin Auta ya bugo har na gaji da amsawa, na ce ya kula da titi, in an yi zai ji.

Sauran magana ita ce wa zai duba. Gwamnati ta ce ba za ta iya ba, wannan karon ba ta kawo zancen gwiwa ba, ni ma ban tsokane ta ba. Na ce a kira maƙwabciya. Auta ta ce a'a. Na ce to wa? Ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki.

Na zauna na tuna duk safiyar da na yi gyaran murya. Da ƙarfi nake faɗa, ko shakka babu.

Laraba, da safe

A cinyata ta yi, ina shan shayi, da ƙarar da ta sa Gwamnati ta leƙo daga kicin. Na kai ta bakin taga na kwantar a kan tawul, na buɗe, na riƙe katin a gefe. A idona layin ƙasa ne, amma na ja bakina na rufe.

Yatsun ƙafar na nan bayan labule. Na ce, “Auta, ni dai na buɗe. Ba zan ce komai ba.”

Mutuniyar na ta harba ƙafa, ta kusa tsoma diddige a ciki.

Labulen ya motsa. Ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta karɓi katin, na riƙe mata ɗaya gefen. Ta dubi nafkin, ta dubi kati, ta sake duban nafkin. Ta matsar da shi inda rana ta fi faɗowa. Sannan ta ɗora yatsa a kan gida ɗaya, can tsakiyar layin ƙasa.

“Wannan ne, Baba.”

“Kin tabbata?”

“Har ya fi shi duhu kaɗan.”

Gwamnati ta zo ta bayanmu ta leƙa ta saman kafaɗata, ta ce haka ne, ta koma kicin da sauri, na ji an buɗe famfo an bar shi yana zuba. Auta ta ce in matsa. Ta goge 'yarta, ta wanke ta, ta shafa mata mai, tana ce mata 'yar banza mai wahalar da mutane, ƙazama, uwar taurin kai. Mijinta ya bugo, ta ɗauka da kanta, ban ji ya samu damar yin tambaya ba.

Laraba, da yamma

Mai tabarau ya bugo. Jinin ya yi kyau, rawayar da ke cikinsa ta sauka ƙwarai. Ya ce Babbar Likita ta ce a gaya mana ba a gama ba, hanta irin wannan shekaru ake yi ana bibiyarta, kada mu yi wasa da magani ko da ranar dawowa. Ta kuma ce in je sashen ido, ta yi musu magana. Na ce zan duba. Gwamnati ta karɓe wayar ta ce zai je.

Bayan an ajiye waya na ɗauki Mutuniyar na zauna da ita a bakin taga, sauran rana kaɗan. Ta kama gemuna da hannu biyu tana ja, tana kallona ido cikin ido. Na daɗe ina duban nata. Auta na ninke kaya a gefe, na tambaye ta wane launi ne.

“Fari, Baba.”

Na ce to.